Daga Betanya zuwa Golgota: tambayoyi da amsoshi kan Mako Mai Tsarki ga masu bi masu jin Hausa a Sudan

Masu bin Almasihu da ke jin Hausa a Sudan ba su da yawa, kuma a warwatse suke: wasu a Umdurman, wasu a Bur Sudan, Kasala, Gadarif ko Damazin. Da Larabci suke sujada a coci, amma in an koma gida da Hausa ake bimbini. Tambayoyin nan su ne suke dawowa kowace shekara idan Ista ta gabato. Amsoshin sun bi Littafi Mai Tsarki, kuma inda ɗariku suka sha bamban an faɗi hakan a fili.

Mene ne Mako Mai Tsarki, kuma wace rana ce ta me?

Shi ne mako na ƙarshe kafin Ista, daga ranar da Yesu ya shiga Urushalima a kan aholaki har ranar da ya tashi daga matattu. A cocin da ake sujada da Larabci za ka ji ana ce masa Usbu'ul Alam. Lahadin Dabino ita ce Ahadus Sha'anin. Litinin da Talata ranakun Haikali ne: korar masu ciniki, la'antar itacen ɓaure, muhawara da shugabanni, da gwauruwar da ta saka anini biyu. Laraba ake tunawa da cinikin da Yahuza ya ƙulla. Alhamis, wato Khamisul Ahdi, ranar wanke ƙafa ce da Jibin Ubangiji da addu'ar Gatsemani. Juma'atul Azima ita ce ranar gicciye, Sabtun Nur ranar kabari, sai Lahadi, Idul Kiyama.

Marubutan bishara ba su gaggauta a kan waɗannan kwanaki ba. Markus yana da sura 16, shida daga ciki na wannan mako ne. Yohanna ya ba yini guda kawai, daga jibin dare zuwa binnewa, sura 13 har zuwa 19.

Me ya sa maƙwabtanmu Kibɗawa (Kiristocin cocin Masar) da Habashawa suke Ista a wata rana dabam?

Ƙa'idar ɗaya ce tun bayan taron Nikiya na shekarar 325: Lahadin farko bayan cikar wata da ta faɗo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Kalandar lissafin ce ta bambanta. Katolika da Angilika da sauran ikkilisiyoyin bishara suna bin kalandar da aka gyara a 1582, Kibɗawa da Habashawa da Iritiriyawa kuwa sun riƙe tsohon lissafi, wanda yanzu yake baya da kwana 13. Shi ya sa a 2024 aka yi Ista ɗaya ranar 31 ga Maris, ɗayar sai 5 ga Mayu. A 2025 sun haɗu ranar 20 ga Afrilu. A 2026 akwai 5 da 12 ga Afrilu, a 2027 kuma 28 ga Maris da 2 ga Mayu.

Bi ranar ikkilisiyar da kake sujada a cikinta, ko da 'yan'uwa a Jos ko Maraɗi suna yin tasu a wata rana. Shammun Nasim, da ake fita shan iska ranar Litinin, Istar Kibɗawa yake bi.

Ina so in karanta labarin da kaina. Daga ina zan fara?

Fara da Markus 14 da 15 a zama ɗaya, da murya. Aya 119 ce duka, ba za ta wuce minti ashirin ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsinci aya nan, aya can, har mutum ya shekara goma yana jin wa'azin gicciye bai taɓa bin labarin daga farko zuwa ƙarshe ba. Bayan haka sai a raba: Lahadi Markus 11, Litinin Yohanna 12, Talata Markus 12 da 13, Laraba Luka 22:1-6 tare da Ishaya 53, Alhamis Yohanna 13 da Matiyu 26:36-75, Juma'a Yohanna 18 da 19 tare da Zabura 22, Asabar Matiyu 27:57-66.

A kowane karatu riƙe tambaya guda: a nan, me Yesu zai iya yi ya kuɓuta, me ya zaɓa ya yi? Za ka tarar kusan kowane shafi akwai ƙofar fita a buɗe, bai bi ta ba. Amsar Gatsemani a ƙasa ta faɗaɗa wannan.

Turaren da Maryamu ta Betanya ta zuba wa Yesu, gaskiya ba ɓarna ba ce? Ai Yahuza yana da hujja.

A lissafin kasuwa yana da ita. Yohanna 12 ya ce awo guda ne na nardi tsantsa, wajen giram 330, mai da ake samu daga saiwar wani tsiro na duwatsun Himalaya, sai ya ratso ƙasashe kafin ya iso Yahudiya. Yahuza ya ƙiyasta shi dinari 300, ya ce da an sayar an ba matalauta kuɗin. Dinari ɗaya shi ne ladan lebura na yini (Matiyu 20:2), don haka in ka cire Asabar da ranakun idi, ladan shekara guda ke nan. Filibus ma da ake maganar ciyar da mutum dubu biyar, dinari 200 ya ambata. Kuma Markus ya ce fasa tulun aka yi, ba a bar hanyar rage wani abu ba.

Abin da Yahuza bai lissafa ba shi ne lokaci. Yesu ya sha gaya wa almajiransa zai mutu, suna ta kauce wa zancen. Ita ce ta yi abin da ya dace da mutumin da ake shirin binnewa, ta kuma yi shi yana da rai. Matan da suka sayi kayan ƙanshi suka je kabari ranar Lahadi ba su sami gawar da za su shafa wa ba. Yohanna ya ƙara da cewa ba tausayin matalauta ne ya dami Yahuza ba, shi ne mai riƙe jakar kuɗi, yana kuma ɗiba.

Kada dai wani ya fake da amsar Yesu cewa "kullum kuna tare da matalauta" ya tsuke hannu. Maganar daga Maimaitawar Shari'a 15:11 take, kuma ayar umarni take bayarwa a buɗe hannu ga matalauci. Abin lura ga mai karatu: wannan mata ba ita ce ta Luka 7 ba, wadda ta zo gidan Bafarisiye a farkon hidimar Yesu. Haɗa su biyun, a kuma liƙa wa Maryamu Magadaliya, ba daga nassi ya fito ba.

Wanke ƙafa dole ne? Yaya ake yinsa a ƙaramin taro?

Wasu ikkilisiyoyi, kamar 'yan'uwa na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya), sun riƙe shi a matsayin ka'ida. Katolika da Kibɗawa suna yinsa ranar Alhamis ɗin nan, wasu kuma suna ɗaukarsa misali ne kawai. Abin da ba a gardama a kansa shi ne yadda ya faru. Aikin bawa ne, kuma Luka 22:24 ya nuna a daren nan almajiran suna musun wane ne babba. Yahuza bai fita ba sai a Yohanna 13:30, wato har ƙafafun da za su je su kira masu kama shi Yesu ya wanke, yana sane.

Idan za a yi, a tanadi buta, baho da tawul fiye da ɗaya. A zuba ruwan daga buta a kan ƙafa, bahon na tara wanda ya zuba. Kada kowa ya tsoma ƙafa a ruwa ɗaya, domin masu faso ko gyambo, musamman masu ciwon sukari. Maza su wanke wa maza, mata su wanke wa mata. Babba ne yake durƙusawa: Baba Fasto ko dattijon gida ya fara da ƙaramin yaro ko baƙo. In aka juya, yara suka wanke wa manya, an koma ladabin da muka saba da shi kullum, abin da Yesu ya nuna kuwa ya ɓace. Wanda ya ji nauyi kada a tilasta masa.

Idan Yesu da yardarsa ya mutu, me ya sa ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon a Gatsemani?

Domin shi mutum ne na gaske, ya kuma san abin da ke zuwa. Sau uku ya yi addu'ar, ya ce ransa na baƙin ciki har ya kai ga mutuwa, ya nemi Bitrus da Yakubu da Yohanna su yi tsaro tare da shi, suka yi barci. Luka ya ce guminsa kamar ɗigon jini yake zuba. Wanda bai ji tsoron abu ba, ba a ce ya sadaukar da kai ba.

Dubi kuma abin da ke hannunsa. Lambun yana gindin Dutsen Zaitun, hayin rafin Kidron. In ya haura dutsen ya wuce Betanya, wajen kilomita uku daga birni, sai jeji, ga kuma dare. Yohanna 18:2 ya ce Yahuza ya san wurin domin sun saba taruwa a can, amma can ɗin dai ya je. Da Bitrus ya sare kunnen dama na Malkus, bawan babban firist, Yesu ya hana shi, ya warkar da kunnen, ya ce da ya roƙa da Uba ya aiko masa da runduna fiye da goma sha biyu ta mala'iku. Ya kuma sa baki a saki almajiransa. Saboda haka ba laifi ba ne mai bi ya ce wa Allah "ba na son wannan". Addu'ar da ba ta da gaskiyar rabin farko, rabinta na biyu, "nufinka za a yi", yakan zama baki kawai.

Bitrus ya yi musu, Yahuza ya ci amana. Me ya raba ƙarshensu?

Dukansu sun yi nadama. Yahuza har ya mayar da azurfa talatin ɗin, kuɗin da Fitowa 21:32 ta yanka a matsayin diyyar bawa, ya kuma furta cewa ya ba da marar laifi. Amma wurin manyan firistoci ya kai nadamarsa, suka ce masa ina ruwansu, ya fita shi kaɗai. Bitrus ya yi kuka mai zafi, sai dai bai rabu da sauran almajirai ba, ranar Lahadi yana cikinsu. A bakin wutar gawayi ya yi musu sau uku, a bakin wutar gawayi kuma Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa (Yohanna 18:18 da 21:9-17). Ɗan'uwan da ya faɗi ya daina zuwa taro saboda kunya, a je gidansa a makon nan. Zumunta a ƙafa take.

Wane ne ya kashe Yesu, Yahudawa ko Romawa?

An kai shi gaban Hanana, sai Kayafa babban firist, sai majalisa da asuba, sai Bilatus, sai Hiridus Antibas (Luka kaɗai ya kawo wannan), sai Bilatus kuma. A gaban majalisa tuhumar saɓo ce. A gaban Bilatus aka juya ta ta zama ta siyasa, cewa yana mai da kansa sarki, domin gwamnan Roma ba ya kashe mutum a kan gardamar addini. Bilatus ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, an kuma tono dutse mai ɗauke da sunansa a Kaisariya a 1961. Shi ya yanke hukuncin, sojojinsa suka zartar. Masana sun fi karkata ga shekara ta 30 ko ta 33.

Ɗora laifin a kan Yahudawa duka kuskure ne da ya jawo zubar da jini a tarihi, kuma Ikkilisiyar Katolika ta yi watsi da shi a rubuce a 1965. Yesu Bayahude ne, haka mahaifiyarsa da manzanninsa. Ga mai bi, amsar da ta fi nauyi tana Yohanna 10:18, inda ya ce ba mai karɓe ransa, shi yake ba da shi.

Yaya ainihin gicciyewa take? Ya kamata a bayyana wa yara?

Hukunci ne na bayi da 'yan tawaye, an tsara shi don kunyatarwa da jan rai. Ana fara da bulala. Shari'ar Musa ta tsaya a arba'in, Romawa ba su da iyaka. Wanda aka yanke wa hukunci yakan ɗauki gungumen da za a gitta, a tuɓe shi, a ɗaure ko a kafe shi a bakin hanya, a rubuta laifinsa a allo. Na Yesu an rubuta shi da Ibrananci, Latin da Helenanci. A 1968 an tono ƙashin diddigen wani da aka gicciye a Urushalima, ƙusar tana maƙale a ciki, tsawonta ya haura santimita 11. Mutum kan yi kwanaki yana mutuwa a hankali da zubar jini, ƙishi da wahalar numfashi, shi ya sa ake karya ƙafafu in ana gaggawa. Markus ya ce an gicciye Yesu da sa'a ta uku, wato wajen tara na safe, duhu ya rufe daga tsakar rana zuwa uku na yamma. Bilatus ya yi mamakin saurin mutuwarsa.

Amma lura da yadda bisharu suka yi: da kalmomi kaɗan suka ce "suka gicciye shi", suka wuce ga abin da ya faɗa da waɗanda suke tsaye. Mai wa'azin da ya ɓata rabin sa'a a kan jini da ƙusa ya wuce inda nassi ya tsaya. Ga yara, musamman waɗanda suka ga gawa a hanya lokacin gudun hijira, a faɗi gaskiya a taƙaice: ya ji zafi ƙwarai, ya mutu, ya yi haka don ƙauna, ya tashi. Kada a nuna musu fim mai jini, kada kuma a bar su su kwana ba a kai labarin ga Lahadi ba.

Me ya sa Allah bai gafarta kawai ba, sai da hadaya?

Gafara ba ta taɓa zama kyauta ga mai yinta ba. Ɗan kasuwar da ya yafe bashi, asarar a jarinsa take sauka. Koyarwar Kirista ita ce Allah da kansa ya ɗauki asarar: 2 Korantiyawa 5:19 ta ce Allah yana cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa. Don haka wa'azin da ke zana Uba mai fushi da Ɗa mai lallashinsa ya karkace. Romawa 5:8 ta ce ƙaunar Allah ce aka tabbatar da mutuwar nan, tun muna masu zunubi.

Nassi bai tsaya a hoto ɗaya ba. Akwai ɗan ragon Idin Ƙetarewa na Fitowa 12, wanda ba a karya ƙashinsa, Yohanna 19:36 kuma ya nuna haka ya faru da Yesu. Akwai fansa (Markus 10:45), akwai Bawan da aka soke saboda laifofinmu a Ishaya 53, akwai nasara a kan ikoki a Kolosiyawa 2:15. Ibraniyawa 10 ta ce hadayar sau ɗaya ce tak, ba a maimaitawa. Wannan ya shafi amsar azumi a ƙasa: babu wahalar da za ka ɗora wa kanka da za ta ƙara wani abu a kai.

Yaya ake tsara bimbini kan maganganu bakwai na kan gicciye?

Babu bisharar da ta kawo bakwai ɗin duka. Uku na Luka ne, uku na Yohanna, ɗaya Matiyu da Markus suka yi tarayya a kai. Jerin da aka saba shi ne roƙon gafara ga masu kisa (Luka 23:34), alkawari ga ɓarawo (23:43), danƙa mahaifiyarsa ga almajiri (Yohanna 19:26-27), kukan yasarwa (Markus 15:34), ƙishi (Yohanna 19:28), "an gama" (19:30), da miƙa ruhu (Luka 23:46). Ukun farko duk a kan wasu ne, bai zo kan kansa ba sai a ta huɗu.

Cikakkiyar sujada daga sha biyu zuwa uku take, minti 25 ga kowace magana: karatu, bayani na minti goma, shiru, addu'a, waƙa. A zafin Afrilu na Kasala ko Gadarif, ƙarƙashin rufin kwano, wannan ya yi wa tsofaffi da masu goyo yawa. A rage zuwa minti 12 kowace, a fara ɗaya da rabi a ƙare uku, a ajiye ruwa a baya. Abin da yakan ɓata tsarin shi ne a ba mutum bakwai magana ba mai riƙe agogo, na farko ya cinye lokacin na ƙarshe. Shirun kuma kada a yanke shi. Magana ta huɗu farkon Zabura 22 ce, a karanta zaburar har ƙarshe.

Akwai abin da ya haɗa labarin nan da ƙasar da muke zaune?

Akwai. Saminu da aka tilasta wa ɗaukar gicciyen mutumin Kurane ne, a gabashin Libiya ta yau, Markus har ya ambaci 'ya'yansa Iskandari da Rufas. Mafi kusa kuma shi ne ma'ajin Kandakatu na Ayyukan Manzanni 8. Kandakatu sarautar sarauniyar Marawi ce, wadda dalolinta suke Bajarawiya, arewa da Shandi. Abin da mutumin yake karantawa a karusarsa shi ne Ishaya 53:7-8, tunkiyar da ake ja zuwa mayanka, daga nan Filibus ya fara yi masa bisharar Yesu. Daga baya, a ƙarni na shida, daulolin Nuba uku suka karɓi bangaskiya, har da Alwa mai hedikwata a Soba kusa da Kartum. Zane-zanen babban cocin Faras, da aka tono daga 1961 zuwa 1964, shaida ne.

Yaya azumi yake, kuma yaya za a yi da zafi?

Katolika suna fara kwana arba'in daga Larabar Toka, ban da Lahadi. Azumin dole ranar Larabar Toka ne da Juma'ar gicciye: cikakken abinci sau ɗaya da ɗan abin taɓawa sau biyu, ga masu shekara 18 zuwa 59, ƙaurace wa nama kuma daga shekara 14. Ruwa bai karya shi. Kibɗawa kwana 55 suke yi, ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba kifi, sai ful da adas da ganye. Ikkilisiyoyin bishara ba su da doka, yawanci akan kame baki daga safe zuwa uku ko faɗuwar rana.

A inda zafi ke haura digiri 40, azumin da ba ruwa ga mai aikin gini ko gona haɗari ne. Jiri, ciwon kai, fitsari kaɗan mai duhu, ko gumi ya tsaya, alamu ne na a sha ruwa nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon sukari da yaro ba su da azumin abinci. Iyalin da dama sau ɗaya suke ci a yini saboda halin da ake ciki, kada kowa ya ɗora musu wani. Mai hali kuwa ya auna abin da bai ci ba, kisra ce ko wake, ya kai wa wani gida ranar, kamar yadda Ishaya 58:6-7 ta ce.

Yaƙi ya raba mu da cocinmu, ba fasto kusa. Me za mu iya yi a gida?

Yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Asabar ɗin jajiberin Istar Kibɗawa, don haka ga mutane da yawa makon nan yana tayar da tabo. Karatu, addu'a, waƙa, wanke ƙafa da maganganu bakwai, duk mai bi na iya jagoranta, uwa ce ko uba. Katolika na iya bin Hanyar Gicciye mai zango 14 a tsakar gida. A sani dai faɗuwar Yesu sau uku da Beronika, matar da aka ce ta share masa fuska, daga al'ada suke, ba daga bishara ba, akwai kuma tsarin da Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya yi amfani da shi a 1991 wanda duk zangonsa daga nassi ne.

Jibin Ubangiji dabam ne. Katolika da Kibɗawa da Angilika sai da firist, yawancin sauran ma sai naɗaɗɗen fasto. Kada a ƙirƙiro, a jira. In cocin Kibɗawa ne kusa, ana iya halarta, amma ba a ba wanda ba ɗan ikkilisiyarsu ba jibi, sujadar Juma'a kuma takan ɗauki kusan yini. Lahadi ranar aiki ce a Sudan, mai aiki ya nemi izini tun farkon mako.

Maƙwabcina Musulmi ya ce ba a gicciye Annabi Isa ba. Me zan ce?

Abin da ya gaskata ya faɗa, yana dogara da Suratun Nisa'i aya ta 157. Kai kuma ka gaskata shaidar bisharu huɗu. Wannan bambanci ne na gaske, kada ka ce "ai duk ɗaya ne" don a rabu lafiya, kada kuma ka mai da shi kokawa a bakin shago. Kusan duk Hausawan Sudan Musulmi ne, daga Mai Wurno har Kasala, kuma su ne masu ba ka masauki da rance. In Malam ya tambaya da gaske, ka amsa gwargwadon tambayar, da tawali'u da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15-16 ta ce. A 2023, 2024 da 2025 azumin Ramadan da namu sun haɗu. In haka ta sake faruwa, ka aika da kwanon buɗa-baki, ka karɓi nasu.

"Ɗaukar gicciye" yana nufin in haƙura da duka ko zalunci?

A'a. Gicciyen Luka 9:23 abu ne da mutum yake ɗauka da kansa saboda bin Yesu, ba abin da azzalumi ya ɗora masa ba. Da aka mari Yesu a gaban Hanana, ya tambayi dalili (Yohanna 18:23). Bulus ya hana a yi masa bulala da haƙƙinsa na ɗan Roma. Matiyu 10:23 ta ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani, saboda haka wanda ya bar Kartum da 'ya'yansa bai gaza a bangaskiya ba.

'Yar'uwar da miji yake duka, kada wani dattijo ya ce mata wannan gicciyenta ne. Afisawa 5:25 mijin ta ɗora wa ba da rai. Ta tsira da kanta da yara, ta sanar da shugabannin ikkilisiya da danginta. Haka ma'aikacin da aka hana ladansa, ya nema.

An kashe mana mutane, an kwashe gidanmu. Dole in gafarta a wannan makon?

Ba a yanka wa gafara wa'adi ba. Lura cewa a kan gicciye roƙo Yesu ya yi, "Ya Uba, ka gafarta musu", haka ma Istifanas da ake jifansa. Wanda bakinsa bai iya cewa "na yafe" ba tukuna, yana iya fara da miƙa ramuwa ga Allah (Romawa 12:19), ya kuma yi kukansa da Zabura 13 ko 88 ba tare da jin laifi ba. Gafara ba ta hana ba da shaida ko neman a maido da abin da aka ƙwace, ba ta kuma nufin komawa inda haɗari yake, kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna.

Akan kawo misalin Bakhita, 'yar Darfur da aka sace tana yarinya aka sayar sau da yawa, ta rasu a Italiya ranar 8 ga Fabrairu 1947, aka sa ta cikin tsarkaka a 2000. Ta yafe wa waɗanda suka sace ta, gaskiya ne, amma bayan ta sami 'yanci, bayan kuma ta ƙi komawa Sudan tare da uwargijiyarta har kotu ta tsaya mata a 1889. Masu wa'azi su riƙa faɗin wannan ɓangaren ma.

Ranar Asabar me ake yi?

Kaɗan. A karanta binnewar: Yusufu mutumin Arimatiya, ɗan majalisa, ya fito fili ya roƙi gawar ya ba da sabon kabarinsa, Nikodimu kuma da ya taɓa zuwa da dare ya kawo mur da al'ul awo ɗari, fiye da kilo 30. Katolika ba su da Mas da rana, sai tsaron dare bayan faɗuwar rana, Kibɗawa kuwa tun daren Juma'a suke kwana a coci suna karanta Wahayin Yohanna. Inda akwai dokar hana fita ko hanya ba lafiya, a tambayi shugabannin coci tun Alhamis, domin akan matso da lokacin. A gida rana ce ta ziyarar waɗanda aka yi wa rasuwa a cikin shekarar, da jiƙa zoɓo da tsamiya, da raba naman gobe tun yau ga gidajen da ba za su saya ba.